Daga ina kalmomin Ingilishi suka fito?

Ƴan makaranta, wata ranar Laraba muna cikin darasin Hausa, na rubuta kalmomi huɗu a allo: tebur, mota, lakwal, sukari. Na ce kowa ya shirya jimla ɗaya da kowace kalma. Kafin a buɗe kaye, sai wani yaro na layin baya ya ɗaga hannu, ya ce:

« Mushe, ai waɗannan ba Hausa ba ne. Yayana da ke kwaleji ya ce Hausa mabaraciya ce, kome nata na aro ne. Ya ce Ingilishi ne cikakken harshe, shi ba ya bara wurin kowa. »

Aji ya yi tsit. Waɗansu suka sunkuyar da kai kamar an kama su da sata. Ban yi wa yaron faɗa ba, don tambaya ba laifi ba ce. Amma maganar ta tsaya mini a rai har na koma gida. Yaron da ya yarda cewa harshen uwarsa mabaraci ne, da wuya ya yi karatu da shi da zuciya ɗaya. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, malamai suke nuna cewa ana iya koyon lissafi da tarihi da kimiyya cikin Hausa. A shekarar 2025 kuma, babbar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Ke nan Ingilishi yana jiranku a kwaleji, a kasuwa, a rediyo, da cikin wayar salula. Ina so ku tarbe shi a tsaye, yadda ake tarbar baƙo mai daraja, ba tare da kun durƙusa ba.

Ga ra'ayina. Duk ɗalibin da ya gamu da baƙuwar kalma, ya yi mata tambayoyi uku da ake yi wa matafiyi: daga ina kike? Wace hanya kika biyo? Wa ya shaida? Wanda ya saba da tambayoyin nan ba zai ji kunyar harshensa ba, kuma ba za a ruɗe shi da tatsuniya ba. Bari mu gwada su a kan Ingilishi.

Gidan da aka gina da tubalin maƙwabta

A ƙarni na 5, waɗansu ƙabilu daga arewacin Jamus da Danmak suka ƙetare teku, suka zauna a tsibirin Birtaniya. Ɗaya daga cikinsu ana kiranta Angal, daga sunanta aka samu Ingila da Ingilishi. Su suka zo da kalmomin yau da kullum kamar «house», wato gida, da «water», wato ruwa, da «mother», wato uwa.

Daga ƙarshen ƙarni na 8, sai mayaƙan jiragen ruwa daga Danmak da Norwe suka fara kawo hari. Da yawa daga cikinsu suka zauna, suka yi noma, suka yi auratayya da mutanen wurin. Daga bakinsu Ingilishi ya ɗauki «egg», ƙwai, da «knife», wuƙa, da «sky», sararin sama. Ya ɗauki «window», taga, wadda asalin ma'anarta «idon iska». Har kalmar «they», wato «su», daga wurinsu ta fito. Ku tsaya ku yi tunani: harshen da ya ari «su», mi ya rage da zai ce bai ara ba?

Babban aro ya zo a 1066. A shekarar nan Wiliyam, shugaban Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a kusa da garin Hastings. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada, da kotu, da masu dukiya. Ingilishi ya koma harshen talakawa da manoma. Sai a 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta.

Ku da kuke koyon Faransanci kuna iya ganin sawun wannan zamani da idonku. Da Ingilishi, saniya mai rai «cow» ce, amma namanta «beef» ne, wato «bœuf». Tunkiya «sheep» ce, namanta «mutton», wato «mouton». Maraƙi «calf» ne, namansa «veal», wato «veau». Masana da dama suna bayyana wannan da cewa talaka mai kiwo ya riƙe sunan dabba, bafade mai ci kuma ya sa wa nama suna da harshensa. Kalmomin mulki da yawa ma ta nan suka shiga: «justice», «prison», «government».

Yanzu mu koma ga kalmomin allonmu. Gaskiya ne, tebur daga Ingilishi muka samo shi. Amma tushensa kalmar Latin ce, «tabula», wato shimfiɗaɗɗen katako. Latin harshen Rumawa ne na dā, Faransanci da Ingilishi duka daga can suka samo kalmar. Mota ma haka take: «motor» da Latin yana nufin mai motsa abu. Lakwal kuwa «l'école» ce, Ingilishi ya ce «school», su biyun kuma sun gaje ta ta hannun Latin daga Girkanci. Kun san ma'anarta ta farko wurin Girkawa? Lokacin hutu. Wanda ya samu hutu daga aikin gona shi ke zuwa ya zauna ya saurari malamai. To, in mu mabarata ne don mun ce tebur, wanda muka karɓa a hannunsa shi ma da ƙwarya ya samo.

Kalmomin da suka zo mana ta hanya biyu

Sukari ya fi sauran doguwar tafiya. A tsohon harshen Indiya ana ce masa «sharkara», kalmar da ke nufin tsakuwa ƙanana. Mutanen Farisa suka ce «shakar», Larabawa suka ce «sukkar». Daga Larabawa kalmar ta rabu biyu. Ɗaya ta ratso Sahara bisa raƙumi, ta iso mana ta zama sukari. Ɗaya ta ƙetare Bahar Rum, ta zama «sucre» a Faransa, «sugar» a Ingila. Bayan ɗaruruwan shekaru wannan ta biyun ta sauka daga jirgin ruwa a Najeriya, ta zama suga. Idan ɗan Maraɗi ya ce sukari, ɗan Katsina ya ce suga, ƴaƴan kaka ɗaya ne suka sadu a kasuwa.

Sifiri da kuke rubutawa a darasin lissafi ma haka ne. Da Larabci «sifr» yana nufin wofi, babu kome. Wani ɗan Italiya mai suna Leonardo na garin Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafi a Bijaya, garin da ke Aljeriya ta yau. A 1202 ya rubuta littafin da ya koya wa Turawa lissafi da alƙaluman Indiya da Larabawa. Ya rubuta kalmar «zephirum», mutanen Italiya suka gajarta ta, daga nan aka samu «zéro» da «zero». Kalmar «chiffre» ta Faransanci ita ma daga «sifr» take.

Ga ta uku. Larabawa suna kiran ɗakunan ajiya «makhazin». Kalmar ta bi ta Italiya ta zama «magasin» a Faransa, mu kuma muka mai da ita mangaza. Ingilishi ya ce «magazine», da farko don wurin ajiye makamai da albarushi. A 1731 wani mai ɗab'i a London, Edward Cave, ya fara fitar da takarda wata-wata, ya sa kalmar cikin sunanta, don yana ganin ta kamar rumbun labarai. Shi ya sa yau «magazine» ke nufin mujalla.

Ku lura da abu ɗaya a nan: kalma tana sauya ma'ana a hanya. Yau idan Ba'ingile ya ce yaro «nice» ne, yabo ya yi, yana nufin mai kirki. Shekara 700 da suka wuce zagi ne, yana nufin wawa, don tushenta na Latin «nescius» jahili ne. «Goodbye» kuma, da suke faɗi wajen rabuwa, addu'a ce da aka dunƙule: «God be with you», Allah ya kasance tare da kai. Sanin asali yana ƙara fahimta, amma ma'anar yau a bakin mutanen yau ake nemanta.

Sara: kalmomin samari

Kowane harshe yana da kalmomin yayi da samari ke ƙirƙira don raha, ko don kada manya su gane. Mu muna ce musu sara, da Ingilishi «slang». Mafi yawansu suna mutuwa da sauri kamar ciyawar farkon damina. Kaɗan kuwa suna yin jijiya.

Dattawan Ingila ma sun yi ƙorafi a kan sara. A 1710 shahararren marubucin nan Jonathan Swift ya yi rubutu a wata jaridar London, yana kukan yadda ake guntule kalmomi. Cikin waɗanda ya tsana akwai «mob», da aka yanko daga Latin «mobile vulgus», wato taron jama'a marar tsayayyen ra'ayi. Kukansa bai hana kome ba, yau «mob» tana cikin kowane ƙamus. Bas da ake shiga ma guntuwa ce. A 1828 a Paris, da 1829 a London, aka fara amfani da manyan kekunan doki masu ɗaukar kowa da kowa. Aka kira su «omnibus», wato «na kowa» da Latin. Mutane suka yar da kai, suka riƙe wutsiya: «bus».

Masu son ƙwallo, ga taku. A 1863 aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, «Football Association». A shekarun 1880, ɗaliban jami'ar Oxford suna da sarar yanke kalma su liƙa mata «er» a ƙarshe. Suka yanko tsakiyar «association» suka yi «soccer». Yau Amurkawa ne suka fi amfani da ita, har waɗansu mutanen Ingila suna tsammani daga Amurka ta zo, alhali a gidansu aka haife ta.

Wani lokaci sunan mutum ke zama kalma. A 1880, a yammacin Ailan, akwai wani wakilin mai gonaki da ake kira Charles Boycott. Amfanin gona bai yi kyau ba, manoma suka nemi a rage musu kuɗin haya sosai, aka ƙi, aka nemi korar waɗansu. Mutanen yankin ba su ɗauki sanda ba. Ƴan ƙodago suka bar gonarsa, masu kanti suka daina sayar masa da kaya, har mai kai wasiƙa ya daina zuwa gidansa. Kafin ƙarshen shekara ya bar ƙasar. Jaridu suka ɗauki sunansa, «boycott» ta zama ƙaurace wa mutum ko kaya, Faransanci ma ya ara ya ce «boycotter».

Akwai sunan da ya iso har dandalinmu. Ranar 5 ga Nuwamba 1605 aka kama wani mutum mai suna Guy Fawkes a ƙarƙashin majalisar Ingila, yana gadin ganga 36 na albarushi. Shi da abokansa sun shirya tarwatsa majalisar tare da sarki James na ɗaya. Tun daga nan, kowace shekara a wannan rana, ana hura wuta don tunawa. Yara sukan yi mutum-mutumi da tsummoki, su yi yawo da shi, su kira shi «guy», da dare a ƙone shi. Sannu a hankali aka fara kiran duk mai mummunar shiga «guy». Da kalmar ta je Amurka sai ta wanke, ta koma nufin kowane namiji. Da ta iso ƙasar Hausa kuwa ta zama gaye. Ku dubi ikon Allah: a Ingila mai tsumma ne, a wurinmu ɗan gaye shi ne mai guga da turare.

Sarauniyar sara duka ita ce «OK», wadda ko wanda bai taɓa shiga lakwal ba ya san ta. A ƙarshen shekarun 1830, ƴan jaridar birnin Boston a Amurka suna wasan gajarta magana da haruffa, har su ɓata rubutu da gangan don ban dariya. «All correct» yana nufin kome daidai. Suka rubuta shi «oll korrect», suka ɗauki haruffan farko. Ranar 23 ga Maris 1839 ta fito a jaridar Boston Morning Post. Da ta mutu kamar ƴan'uwanta, sai zaɓen 1840 ya cece ta. Shugaban ƙasa Martin Van Buren ɗan garin Kinderhook ne, ana yi masa laƙabi da «Old Kinderhook». Magoya bayansa suka kafa ƙungiyar «O.K.», kalmar ta cika gari. Shi ya faɗi zaɓe, ita kuma ta ci duniya.

Wa ya shaida?

Kuna iya tambayata: Mushe, ta yaya aka san duk wannan? Tambaya ce mai kyau, ita ce ma mafi muhimmanci cikin ukun. A Ingila akwai wani babban ƙamus da maɗaba'ar jami'ar Oxford ke bugawa. An fara shawarar yin sa a 1857, kashi na farko ya fito a 1884, ba a kammala ba sai 1928. Babban editansa, James Murray, malamin makaranta ne kamar ni. A 1879 ya roƙi jama'a su karanta tsofaffin littattafai, duk kalmar da suka gani su rubuta ta a ƴar takarda, tare da jimlar da ta fito ciki, da sunan littafin, da shekara. Aka tara miliyoyin ƴan takardu. Da aka jera su daga tsohuwa zuwa sabuwa, sai hanyar kowace kalma ta bayyana kamar sawun raƙumi a rairayi. Murray ya rasu a 1915, bai ga ƙarshen aikin ba.

Wanda bai bi wannan hanya ba, tatsuniya yake yi. Kwanaki wani ya turo mini saƙo ta waya cewa «news», wato labarai, haruffan farko ne na arewa, gabas, yamma da kudu da Ingilishi, wai don labari daga kusurwa huɗu yake zuwa. Maganar tana da daɗin ji, amma ƙarya ce. «New» sabo ne, «news» sababbin abubuwa, daidai yadda Faransanci ke cewa «nouvelles». A tsofaffin takardu «newes» ake rubutawa, da haruffa biyar. Kusurwa ta biyar ina take?

A kan «OK» ma an yi tatsuniyoyi da yawa. Waɗansu sun ce a yaƙin basasar Amurka sojoji kan rubuta sifiri da harafin K idan ba a kashe kowa ba. Ku yi lissafi da kanku: yaƙin ya fara a 1861, kalmar kuwa tana jarida tun 1839, shekara 22 kafin a harba harsashin farko. Waɗansu kuma sun ce daga Wolof ta fito, harshen Senegal, inda «waw kay» ke nufin «i, tabbas», kuma bayin da aka kai Amurka ne suka tafi da ita. Ni ɗan Afirka ne, na so a ce haka ne. Amma so ba hujja ba ne. Wani malamin jami'ar Columbia, Allen Walker Read, ya tono tsofaffin jaridu ɗaya bayan ɗaya, ya buga bincikensa a 1963 da 1964, kowane mataki da kwanan watansa. Bayaninsa shi ne mafi yawan masu ƙamus suka karɓa.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Shekaru ina gaya wa ɗalibaina cewa boko daga «book» ta fito, wato littafi. Na ji haka wurin manya, sautin ya yi kama, ban bincika ba. Daga baya na samu labarin binciken Paul Newman, masanin Hausa ɗan Amurka, wanda ya fito a 2013. Ya nuna cewa boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus ko abin jabu, kuma da irin wannan ma'ana take cikin ƙamusun Bargery na 1934. Ku tambayi kakanninku mata mine ne amaryar boko: ita ce wadda ake lulluɓewa a madadin amaryar gaskiya ranar biki. Da karatun Nasara ya zo, mutanen da suka saba da karatun allo suka raina shi, suka kira shi na boko. Ga kuma wata shaida da za ku iya gwadawa da bakinku: «cook», mai dafa abinci, ya zama kuku a Hausa. Da «book» muka ara, da buku za mu ce. Na koma aji na gaya wa ɗalibai na yi kuskure. Kama da wane ba wane ba ne.

To, mu yi ta aro ke nan?

Wani abokin aikina, dattijo da nake girmamawa, ya ja mini kunne. Ya ce: « Malam, in ka gaya wa yaran nan aro ba abin kunya ba ne, gobe za su cika bakinsu da harshen wasu, Hausa ta zama fanko. » Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Na taɓa jin saurayi ya faɗi «donc» sau uku cikin jimla ɗaya, kamar «saboda haka» ta ƙare a kasuwa. Na ji mai cewa «merci» ga kakarsa, alhali «na gode» tana bakinsa tun yana goye.

Amma mai aron tsani don hawa soro daban yake da mai aron tukunya alhali tasa tana kife a ɗaki. Ingilishi ya ari dubban kalmomi, duk da haka bai yar da «mother» da «water» da «house» ba. Abin da ya ara kuma ya lanƙwasa shi daidai bakinsa. Haka kakanninmu suka yi. Sun karɓi allo, alƙalami da littafi daga Larabci, takobi daga Buzaye, ashana da agogo daga Yarabawa. Wani lokaci kuma suka ƙera nasu: jirgin sama, gidan waya, ƙwallon ƙafa. Ku duba yadda baƙuwar kalma ke zama ƴar gida: mota, motoci; direba, direbobi; tebur, tebura. Kalmar da ta ɗauki jam'in Hausa ta riga ta sha ruwan randarmu. Sara kuma tana da wurinta. A dandali da filin ƙwallo ba ta da laifi, amma ba a gaida mahaifi da ita, ba a rubuta ta a takardar jarrabawa.

Kada ku manta, mu ma mun ba da aro. A shekarun 1960, baƙaƙen fatar Amurka suka fara sa wata riga mai faɗi da suke kira «dashiki». Ɗan ciki ne na Hausa, ya bi ta bakin Yarabawa ya ƙetare teku. A 2020 ƙamusun nan na Oxford ya shigar da «buka», ƙaramin gidan abinci, ƴar'uwar bukkarmu. A farkon 2025 aka ba da labarin shigar «suya». Yau ɗan London da ya ci nama mai ƙuli da yaji, in yana son faɗin sunansa, dole ya yi Hausa.

Saboda haka, yaron layin baya, ga saƙo ka kai wa yayanka da ladabi, don shi babba ne. Ka ce masa Ingilishi harshe ne mai albarka, ya koye shi da kyau, ku ma za ku koye shi. Amma ka tambaye shi daga ina «school» ta fito, da «sugar», da «zero». Harsuna kasuwa suke ci da juna, kowa ya kawo, kowa ya saya. Harshen da ya daina ciniki shi ne wanda masu magana da shi suka ƙare.

Ku kuma sauran, ga aiki. Ku ware shafin ƙarshe na kayenku, ku ja layi biyu ya rabu gida uku. A gida na farko ku rubuta kalma, a na biyu inda aka ce ta fito, a na uku wanda ya faɗa muku da shaidar da ya bayar. Ku fara da kalmomi biyar da kuka ji a tasha ko a kasuwa wannan mako. Inda ba a ba ku shaida ba, ku bar gida na uku fari, ku zo da shi aji mu nema tare. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Domi saniya da namanta suke da suna biyu dabam-dabam a Ingilishi?
2. Ku faɗi hanyoyi biyu da kalmar sukari ta biyo zuwa ƙasar Hausa.
3. Wace shaida ce ta nuna cewa «OK» ba a yaƙin basasar Amurka aka ƙirƙire ta ba?
4. Ku kawo kalmomin aro uku da suka ɗauki jam'in Hausa, ban da waɗanda ke cikin wannan karatu.